Shekarar da Aka Rataye Ganga

Ran Lahadin da ta wuce muna tsakiyar waƙar yabo a majami'a sai janareto ya yi tari ya mutu. Lasifika ta ɗauke, fiyanon da samari ke dannawa ya ɗauke, jama'a ma suka yi tsit, kowa ya juya yana duban ƙofa yana jiran a gyara. Ina zaune a kujerar dattawa ina kallonsu, har da jikokina a ciki, babu wanda ya yi tunanin ci gaba da bakinsa. Ban ga laifinsu ba. Ni ma na taɓa tsayawa haka, hannu sake, ban san abin da zan gaya wa Allah ba in babu abin kiɗa. Tun da na dawo gida abin yake yi mini yawo a rai, shi ya sa na ce bari in faɗi yadda aka yi tun ina da sauran numfashi.

Unguwarmu 'yar ƙarama ce, can gabas da Daura ta wajen Babban Mutum, inda yashi ke cin ƙafa, gawo kuma ya fi kowane itace yawa. Kakanninmu Maguzawa ne. Da addini ya iso musu sai gidaje suka rabu: wasu suka kama salla suka koma cikin gari, wasu suka karɓi bisharar Almasihu suka zauna a tsohon mazaunin iyaye. A gidanmu ma haka aka yi. Mahaifina da yayarsa, wadda muke kira Gwaggo, suka zama masu bi. Ƙanensu kuma, Baffa, ya musulunta, ya yi karatu har kowa na kiransa Malam. Tsakaninmu da gari babu nisa, gonaki ne kawai, kuma rijiya ɗaya muke sha. Ran Salla a aiko mana da tuwo da soyayyen nama. Ran Kirsimeti mu kira mahauci daga gari ya yanka mana akuya, don in mun aika kowa ya ci hankalinsa kwance.

Abin da nake fara tunawa na ƙuruciya shi ne sauti. Kafin gari ya gama wayewa iska takan kawo mana kiran salla daga cikin gari, zakaru su amsa, daga nan sai ka ji taɓarya ta fara sauka a turmi, wannan gida ya ɗauka wancan ya karɓa, mata suna lugude har ka iya gane hannun kowace. Sai kukan awaki masu son a kwance su, da ƙarar guga tana dukan bangon rijiya, da muryar mahaifiyata tana cewa wanda rana ta riga shi tashi ta riga shi arziki. Mu yara aikinmu kiwo ne, da yankan harawa, da roron wake, da korar tsuntsaye a gonar gero da gwangwani da tsakuwa. In ka dawo da tumaki ba su ƙoshi ba, ba a dukanka, sai dai tsoho ya dube ka ya ce cikin dabba shi ne shaidar makiyayi, kai kuma ka kasa cin tuwo don kunya. Yanzu injin niƙa ya kashe lugude, famfon burtsatse ya kashe guga, babura sun cika hanyar da muke bi da jakuna, yara kowa da waya a kunne. Ban ce ba a ci gaba ba, don bayan matata ya huta da daka kuma na gode wa Allah. Sai dai a da mutum yakan ji motsin maƙwabcinsa ya san yadda ya kwana tun kafin su gaisa, yanzu kuwa ƙara ta yi yawa har ba ka jin kowa.

Majami'armu ta laka ce a lokacin, iyayenmu suka kwaɓa ƙasarta da ƙafafunsu. Rufin ciyawa ne, wurin zama kuma dakali, in ka tashi sai ka kakkaɓe bayan riga. Ƙararrawarmu wani tsohon ƙarfen mota ne da aka rataye a reshen darbejiya. Mata suna da tulun kiɗa da caki, maza suna da ganga guda. Wanda ke kaɗa ta wani tsoho ne da ya yi wa manoma kiɗan gayya kafin ya ba da gaskiya, shi ya ga ina kwaikwayonsa a bayan ƙwarya ya miƙo mini gula. Yakan ce mini in yi a hankali, wai ganga in ta cika zaƙi ta kusa fashewa. Ban ji ba, don hannuna ya faɗa da wuri. Kafin in yi aure an san ni a ƙauyukan masu bi na kewaye, in ana taro ni ake aikowa a ɗauka. In na rataya ganga na sauke gula a kanta, tsigar jikina takan tashi, in ga tsofaffi sun miƙe suna taka rawa, ni kuwa a wurina wannan shi ne Allah ya zo. Ban san wani abu bayan wannan ba, ban kuma nema ba.

Gwaggo ita ce ba ta cika rawa ba. Mijinta ya rasu da wuri, 'ya'yanta ba su rayu ba sai mace ɗaya da ke aure nesa, don haka bayan mahaifina ya rasu sai ta zauna a hannuna. Ɗakinta yana ƙarshen gida, jikin danga, gonar Baffa tana bayansa. Ba ta yi karatu ba, Maganar Allah da kunne ta ɗauke ta, amma in mai bishara ya yi tuntuɓe a wajen karantawa daga baya za ka ji ta gyara masa a hankali. Sana'arta saƙar faifai. A majami'a can baya take zama, ido rufe, in an tashi kowa ya watse ita tana nan, sai rana ta take ka gan ta tana dawowa da sandarta, fuskarta kamar wadda ta fito daga gidan biki. Matan gari ma sukan kawo mata yaransu marasa lafiya ta ɗora musu hannu. Ni ba ta kirana da sunana, Mai ganga take ce mini, ina jin daɗin sunan kuwa.

Ina da mata da 'ya'ya biyu lokacin da aka kawo shari'a. A rediyo muka fara ji, daga baya muka ga murnar mutanen gari da idonmu. An ce ba ta shafe mu ba, amma labarin faɗace-faɗace yana iso mana daga manyan garuruwa, kowa ya kwana da nasa tunanin. Aka kafa 'yan kwamiti, yawancinsu samari, suna zagayawa suna hana kiɗa da rawa a wajen bukukuwa, har makaɗan gari suka rataye kalangunsu suka koma noma da dako. Babban ɗan Baffa yana cikin kwamitin. Sa'ana ne, tare muka yi kiwo, ƙwarya ɗaya muka sha fura, mutum ne mai riƙon abin da ya yarda da shi. Wata Lahadi bayan sujada mai bishararmu, dattijo mai sanyin magana, ya ce kada kowa ya fita.

Ya ce, "Mai gari ya kira ni. Bai ce mu daina sujada ba. Ya ce dai iska tana kai kiɗanmu har cikin gari, kuma ba duka samarinsa yake iya riƙewa ba. Mu dattawa mun zauna, mun ga gara mu ajiye ganga da tulu zuwa wani lokaci."

Na miƙe na ce, "Baba, yau ganga ce. Gobe kuma me za a ce mu ajiye, bakinmu?"

Ya ce, "Zauna, ɗana. In kiɗa ya canza, rawa ma canzawa take yi. Ba don ganga muka bar tsafin iyayenmu ba."

Da hannuna na ɗauke gangar na kai ɗakina na rataye. Ranakun Lahadin da suka biyo baya sun fi kowaɗanne nauyi a rayuwata. A ɗauko waƙa, a ja ta kamar ana jan jaki mai gardama, wasu su riga wasu, ta mutu a hanya. Ni ina tsaye ban san inda zan sa hannuwana ba. In aka ce in yi addu'a sai in zubo 'yan kalmomin da na haddace tun ina yaro, in ce amin, in ji cikina wayam. Mutane suka fara tashi. Gidan da ke kusa da namu suka ɗora kaya a mota suka yi kudu, wani ya bi su, dakalin majami'a ya fara nuna giɓi. Wani abokina da ya riga ya tafi ya aiko mini da saƙo ta bakin direba, ya ce can akwai majami'a babba mai ganguna iri-iri, suna neman mai hannu irin nawa, ga aikin gadi kuma. Na gaya wa matata za mu tafi kafin ruwa ya sauka. Ta dube ni ta ce to, ba ta ƙara komai ba. A shekarar ban kai taki gona ba, ban yi shara ba.

Cikin bazarar nan Gwaggo ta kwanta. Ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya yi mata wuya, aka kai ta asibiti a Daura aka dawo da ita da magani, amma kowa ya ga inda aka nufa. Da safe matata ke kula da ita, matan gidan Baffa ma suna zuwa su kama. Ita ta ce da la'asar ni take so in riƙa zuwa in zauna da ita. Ranar farko na shimfiɗa tabarma a bakin gadonta, ta daɗe tana kallona.

Ta ce, "Mai ganga, an ce za ka tafi."

Na ce, "Haka ne, Gwaggo. Wurin nan ya mutu. In na shiga majami'a ba na jin komai."

"Da me kake ji?"

"Da nakan ji Allah a jikina."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, na ba ta ruwa. Da ta sami numfashi ta ce, "Shekara da shekaru kana yi wa Sarki kiɗa a ƙofar gida. Ka taɓa shiga ka gaishe shi?"

Na ce, "Yaya ake shiga?"

Ta ce, "Yadda ake shiga gidan kowa. Ka yi sallama, ka jira a amsa. Kai jiran ne ba ka iya ba."

Ta rufe ido ta ce, "Ubangiji Yesu, ga ni. Ga ɗan ƙanena kuma na kawo maka." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Na yi ta sauraron ci gaba, babu. Zafi ya ishe ni, ƙudaje suna damuna, hankalina ya tafi wurin motar da za mu hau da wanda zan bar wa awaki. Da ta buɗe ido na gaya mata gaskiya cewa ban yi addu'a ba, yawo kawai na yi. Ta ce tunani kamar awaki ne, in sun ɓalle juyo da su ake yi, ba a tsayawa zaginsu. Kashegari ta sa na karanta mata Maganar Allah. Ban yi nisa ba ta ɗaga hannu ta ce ya isa, kada in haɗiye, in tauna. Haka muka riƙa yi kullum. Wata rana na tambaye ta abin da ya kamata in roƙa, tunda ni ban ma san abin da nake so ba. Ta ce, "Yunwa za ka roƙa. Wanda ya ƙoshi ko tuwon sarki aka kawo masa ture shi zai yi. Ka ce ya sa maka yunwarsa, sauran shi ya san yadda zai yi." Na fara roƙon haka ba don na gane ba, don dai ta ce ne, kuma ina jin nauyin in saɓa wa mara lafiya.

Ba zan iya cewa ga ranar da abin ya juya ba, amma ina tuna wata la'asar da iska ta tsaya cik. Muna zaune shiru kamar kullum. Ban ga komai ba, ban ji wata murya ba, tsigar jikina ma ba ta tashi ba. Na dai san ba mu biyu ne kaɗai a ɗakin ba, kamar yadda yaro kan shiga ɗaki daga cikin rana, idonsa bai washe ba, amma ya san mahaifinsa yana zaune a ciki. Na ji an san ni ciki da waje, da fushina da tsorona duka, kuma ba a kore ni ba. Hawaye suka yi ta zuba ban hana su ba. Da na ɗaga kai Gwaggo tana kallona. Ta ce, "An amsa ko? To wannan ma kada ka ƙanƙame shi. Gobe ka sake zuwa, ko ka ji ko ba ka ji ba. Shi kake nema, ba daɗin ba." Daga ranar na zama kamar wanda aka ɗanɗana wa zuma aka rufe tulu. A bakin rijiya ina jan guga ina kiransa. A hanyar kasuwa ina bayan jaki ina kiransa. Akwai ranakun da na zauna ban ji komai ba, amma kewar da nake ji ta riga ta zama ta wani da na sani. Maganar tafiya kuwa ban janye ta ba, ban kuma ƙara tayar da ita ba.

Gwaggo ta cika wata ranar da hantsi. Ina wajen awaki, matata ta je rijiya, matar ɗan Baffa ce kaɗai a wurinta. Yarinyar ta ji ta tana cewa Allah ɗaya ne, babu wani sai shi, daga nan numfashi ya tsaya. Ta koma gari tana kuka ta gaya wa mijinta abin da kunnenta ya ji, da zuciya ɗaya ta faɗa. Kafin mu gama shirin wanka sai ga ɗan Baffa da mutane, sun ɗauko makara da likkafani. Baffa ba ya nan, ya je suna wani ƙauye, aka tura mai babur ya ɗauko shi. Samarinmu suka ji labari suka cika gidan, waɗanda suka zo haƙar kabari da fartanya da diga a hannu. Duk abin da aka haɗiye a watannin nan ya taso a fuskokin mutane. Mai bishara yana magana, muryarsa ba ta wuce gemunsa.

Ɗan Baffa ya matso ya ce mini, "Ɗan'uwa, ba faɗa ya kawo mu ba. Gwaggonmu ce kamar yadda take gwaggonka. Matata ta ji da kunnenta. In da kalmar shahada ta cika, haƙƙinta ne a kanmu mu yi mata sutura."

Na ce, "Abin da ta faɗa kullum tana faɗinsa. Mu ma Allah ɗaya muka sani."

Ya ce, "Ni dai ba zan tsaya gaban Allah a ce na yi sakaci da ita ba."

Wani daga bayana ya ce sai dai a bi ta kansa a shiga ɗakin. Wani daga cikin mutanen gari ya mayar masa. Na ji jinina yana tafasa, kuma na san in na ɗaga murya sau ɗaya samarinmu za su bi ni, abin da zai faru a gidan nan ba zai tsaya a gidan ba. Na juya don in tare ƙofar ɗakin, idona ya faɗa kan Gwaggo a kwance an lulluɓe ta da zanenta. Ban yi shawara da kowa ba. Na durƙusa a bakin ƙofar, bayana yana wajen jama'a, na ce, "Ubangiji Yesu, ga ni. Ga mu duka." Na yi shiru na jira.

Na ji mutum ya durƙusa kusa da ni, matata ce. Tsofaffin mata suka biyo ta, mai bishara ma ya sauke gwiwoyinsa a kan yashi mai zafi. Sai na fara jin ƙarar fartanya ana ajiyewa a ƙasa, wannan bayan wannan. Gidan da ya cika da hayaniya ya yi tsit har ana jin kukan kurciya a kan darbejiya. Wanda ya amsa mini a ɗakin nan shi ne ya sauko mana a tsakar gida da rana tsaka, ba ni kaɗai ba, don daga baya manyan samari sun gaya mini sun ji tsoro ya zube daga ƙirjinsu kamar an kwance musu kaya. Mutanen gari kuwa masu kunya ne, ba sa tsallake wanda ke gaban Allah. Suka sauke makara suka koma inuwa suka zauna. Muna nan a haka har muka ji ƙarar babur.

Baffa ya sauko da ƙyar, ya tuɓe takalmansa, na matsa masa ya shiga ɗakin. Ya jima a ciki. Da ya fito gemunsa a jiƙe yake. Ya sa aka kira surukarsa ya tambaye ta abin da ta ji, ta maimaita.

Ya ce, "Gaskiya kika faɗa, 'yata, Allah ya yi miki albarka. Amma akwai abin da ba ki ji ba. Jiya da yamma ina nan. Na ce mata, Yaya, har yanzu ƙofa a buɗe take. Na daɗe ina gaya mata haka, ita ma ta daɗe tana gaya mini nata. Ta kama hannuna ta ce, Malam, wanda na bi tun ina budurwa bai taɓa sakina ba, ba zan sake shi ina bakin ƙofarsa ba." Ya tsaya ya share fuska da hannun riga. "Gonata tana jikin dangarta. Shekaru ina noma ina jin ta tana ambaton sunana a gaban Allah, da sunan kowane ɗayanku. Ku bar ta ta tafi a kan abin da ta rayu a kai. Hisabi na Allah ne."

Ya juya wajen ɗansa ya ce, "Likkafanin da kuka kawo ku bar shi, 'yar'uwata ce. Ku je ku kama musu haƙa, ƙasa ta yi tauri."

Ni da ɗan Baffa muka haƙa kabarin Gwaggo, in na gaji ya karɓi diga, in ya gaji in karɓa. Da muka kusa gamawa ya miƙo mini butar ruwa ya ce in sha. Da aka kawo ta mutanen gari suka tsaya gefe, Baffa a gabansu. Mai bishara ya karanta Maganar Allah, ya dube ni ya ce, "Ɗana, ba mu waƙa." A rayuwata ban taɓa ɗauko waƙa babu ganga a kafaɗata ba. Na buɗe baki, muryar ta fito tana rawa, amma na san wanda nake yi wa. Mata suka karɓa, maza suka ɗora, ba tafi ba caki, muryoyi kawai a filin Allah, kuma ba wanda ya riga wani. Na yi kiɗa a manyan tarurruka, ban taɓa jin waƙa ta tashi kamar ta ranar ba. Muna kuka muna murna. Da aka fara mayar da ƙasa wata tsohuwa, ƙawar Gwaggo, ta ɗaga kai ta rangaɗa guɗa irin wadda ake yi in an kai amarya ɗakinta. Ba wanda ya hana ta. Na ga Baffa ya sunkuyar da kai yana girgiza shi a hankali.

Bayan an share makoki na sami matata tana tankaɗe na ce mata ba za mu tafi ba. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Ai ban ɗaure ko tsinke ba. Iri yana cikin tulu, na toshe shi da toka." Kashegari muka fita gona ni da ita, muka yi sharar da za mu iya, muka yi binne a busasshen yashi, sama babu ko alamar hadari. Gidaje biyu da suka riga suka yi maganar mota suka ga haka suka fasa.

Abin da ya biyo baya ya fi ƙarfin bakina. Ba wanda ya kafa doka, amma mutane suka fara zama a majami'a bayan an tashi, da farko mu kaɗan, daga baya har sai an tuna wa mata tukunya tana jiransu. Da sassafe kafin a tafi gona sai ka ga manoma sun jingine fartanya a jikin bango sun shiga sun durƙusa. Waɗanda suka yi shekaru ba sa ga maciji da juna saboda iyakar gona suka shirya ba tare da an kai su gaban kowa ba. Mashaya suka bar kwalba. Wasu daga cikin waɗanda suka yi kudu suka dawo ganin gida suka tarar da abin da ba su bari ba, suka koma suka kwaso iyalinsu. Dakalin ya cika har muka rushe bango ɗaya muka ƙara. Da ƙura ta lafa dattawa suka ce a dawo da kiɗa, na sauko da ganga na tarar gara ta taɓa ta, na sake mata fata na ci gaba da kaɗawa, da daɗi kuwa, sai dai yanzu daga cikin gida nake kiɗan. Ɗan Baffa har ya rasu bai bar addininsa ba, ni ma ban bar nawa ba, amma ba a taɓa yin sha'ani a gidansa ko a gidana ɗayanmu ba ya zaune a gaba ba.

Yau hannuwana suna rawa, gula ba ta zama a cikinsu, idona ma ba ya raba baƙaƙe sai an karanta mini. Sa'o'ina sun ƙare ɗaya bayan ɗaya, abinci ya rage ɗanɗano, kasuwar da nake takawa da ƙafa yanzu sai dai a ba ni labarinta. Duk abin da ƙuruciya ta ba ni aro ta zo ta karɓe. Abu ɗaya ne na ga yana ƙaruwa da shekaru, yunwar nan da na roƙa ba tare da na san abin da nake roƙo ba. Kullum ana ƙosar da ni, kullum ina tashi da wadda ta fi ta jiya, kuma ban taɓa komawa na tarar ba ya nan ba. Ku da kuke da ƙarfi ku yi waƙa, ku yi kiɗa, Allah yana so. In an gama kuma kada ku yi saurin ɗaukar takalmanku. Ni dai na kusa, ba na kuma jin tsoro, don wanda zan je wurinsa mun daɗe da sanin juna.